Manhajar EDR Ta Ga Ɓarawo, Wa Ya Tashi?

Duk lokacin da labari ya fito cewa masu kutse sun kulle wa wani kamfani bayanansa suna neman kuɗin fansa, tambaya ɗaya ce ke biyo baya: ta yaya hakan ta faru, alhali kamfanin ya sayi manhajar tsaro mai tsada, ya kuma ɗora ta a kan kowace kwamfuta? A lokuta da dama manhajar ta ga abin da ke faruwa, ta kuma faɗa. Abin da ya biyo bayan faɗin nan shi ne matakin da mutane ke tsallakewa, kuma a kansa za mu fi daɗewa a wannan bidiyo.

Bari mu yi saurin wuce gabatarwa. Kwamfutar tebur, kwamfutar tafi-da-gidanka ta ma'aikaci, da manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan kamfani, su ne ƙofofin da mai kutse ke bi, kuma su ne manhajar da ake kira EDR, wato manhajar gano kutse a kan kwamfutoci da mayar da martani, take gadi. Wani manazarci a kamfanin Gartner mai suna Anton Chuvakin ne ya raɗa wa wannan rukunin manhajoji suna a 2013. Sunayen da kuke gani suna wucewa a allo, irin su CrowdStrike Falcon, Microsoft Defender for Endpoint da SentinelOne, duk 'yan gida ɗaya ne. Ba za mu yi tallar kowa ba, babu wanda ya biya mu.

Tsohuwar manhajar antibairos tana aiki ne kamar maigadin da aka ba hotunan ɓarayin da aka sani, yana duba fuskar duk wanda ya zo ƙofa. Idan ɓarawo ya zo da fuskar da ba ta cikin hotunan, sai ya buɗe masa. EDR kuwa ɗabi'a take kallo. Akwai ƙaramar manhaja da ake dasawa a kowace kwamfuta, wadda ke rubuta wace manhaja ce ta buɗe wace, wane fayil aka taɓa, da wace kwamfuta aka yi magana, da kuma wanda ya shiga da wane asusu, sannan ta tura duka zuwa wata cibiya inda ake tace su.

Ku dubi wannan zanen mai kama da rassan itace. A sama akwai manhajar imel. Ita ta buɗe Word, wanda babu laifi a cikinsa, domin kullum ana aiko wa ma'aikata takardu. Amma a reshe na gaba Word ya buɗe PowerShell, wato kayan aikin da masu kula da kwamfutoci ke amfani da shi wajen ba Windows umarni, kuma PowerShell ɗin ya miƙa hannu zuwa wani adireshi a intanet ya sauko da wani abu. Babu fayil ɗaya a cikin ukun nan da yake ƙwayar cuta. Dukkansu na Microsoft ne, da sa hannunsa. Jerin ne yake da alamar tambaya, domin mai rubuta wasiƙa ba shi da dalilin da zai sa takardarsa ta riƙa ba kwamfuta umarni. Masu kutse sun daɗe da gane cewa ya fi musu sauƙi su yi aiki da kayan da suka tarar a gidan. Harin NotPetya na Yunin 2017, wanda ya faro daga Yukren ya durƙusar da kamfanin jiragen ruwa na Maersk, ya yaɗu ne ta hanyoyi da suka haɗa da sace kalmomin sirri da amfani da PsExec, wanda halattaccen kayan aiki ne.

To, manhaja ta ga jerin, ta kunna jan gargaɗi. A nan za mu rage gudu.

Yawancin masu kallo suna ɗauka cewa da zarar gargaɗi ya kunnu, magana ta ƙare, an tare harin. Wani lokaci haka ne, idan abin da aka gani ba ya da wata fassara ta biyu, kamar manhajar da ta fara kulle ɗaruruwan fayiloli a cikin daƙiƙoƙi. Sai dai mafi yawan abin da mai kutse ke yi a makonninsa na farko yana da fassara biyu. Idan aka ga wani asusu ya shiga kwamfutoci 20 a jere da dare yana ba da umarni, mai yiwuwa ɓarawo ne yake neman inda dukiya take, mai yiwuwa kuma ma'aikacin sashen kwamfuta ne yake sabunta manhajoji a lokacin da babu kowa a ofis. A idon manhaja, su biyun abu ɗaya suke yi. Da za ta riƙa toshe duk abin da ta yi shakka a kansa, da ta hana kamfanin aiki kafin azahar, kuma washegari shugaban kamfanin zai ba da umarnin a cire ta. Saboda haka masu ƙera ta suka tsara ta yadda a wurare masu shakka za ta rubuta abin da ta gani, ta ba shi maki na tsanani, ta ajiye shi a layi, ta jira ɗan Adam.

Akwai kuma wani maɓalli a cikin saitin da ba a cika maganarsa ba. Kusan duk waɗannan manhajoji suna da yanayin sa ido kawai, inda suke gani su rubuta amma ba su toshe komai. Ana kunna shi ne a makonnin farko na dasa manhajar, domin a gane waɗanne ayyukan kamfanin ne za ta iya ɗauka a matsayin hari bisa kuskure. Wannan dabara ce mai kyau. Matsalar ita ce sau da yawa wanda ya kunna shi ya koma wani aikin, babu wanda ya rubuta ranar da za a mayar da shi yanayin toshewa, kuma allon yana ci gaba da nuna koren launi cewa kowace kwamfuta tana da kariya.

Ga misalin da ya fi kowane bayani. Kwanakin da za ku gani a allo sun fito ne daga rahoton binciken da kamfanin PwC ya yi wa hukumar kula da lafiya ta ƙasar Ayaland, wato HSE, wanda aka wallafa a Disambar 2021. A ranar 18 ga Maris 2021, wani ma'aikaci ya buɗe fayil ɗin Excel da aka aiko masa ta imel, kuma daga nan masu kutse suka samu wurin zama a kwamfutarsa. A ranar 31 ga Maris, manhajar tsaron da ke kwamfutar ta gano ana amfani da Cobalt Strike da Mimikatz, kayan aiki biyu da duk wanda ke wannan sana'a ya san masu garkuwa da bayanai na ƙaunarsu. Na biyun aikinsa shi ne zaro kalmomin sirri daga ƙwaƙwalwar kwamfuta. Manhajar antibairos ce, ba EDR ba, amma abin da ya faru da ita shi ne abin da muke magana a kai: tana kan yanayin sa ido, don haka ba ta toshe komai ba.

Ku bi layin kwanakin da ido. Afrilu ya wuce gaba ɗaya. A farkon Mayu masu kutsen suka bazu zuwa manyan kwamfutocin hukumar da na wasu asibitoci, kuma wasu daga cikin asibitocin sun ga alamu, har ma aka sanar da hukumar. Sai da sanyin daren Juma'a 14 ga Mayu, makonni takwas bayan buɗe wancan fayil, ƙungiyar masu kutsen, mai suna Conti, ta kulle kusan kashi 80 cikin 100 na tsarin kwamfutocin hukumar. An soke ganin likita, an koma rubuta bayanan marasa lafiya a takarda, kuma gyaran ya ɗauki watanni, duk da cewa maharan sun saki mabuɗin buɗe fayilolin bayan kimanin mako guda ba tare da gwamnati ta biya su ba. Ma'aikatar lafiya ta ƙasar, wadda daban take da hukumar HSE kuma maharan suka shiga ita ma, ta ɗauki mataki a kan alamun da ta gani, kuma ta tsira daga mafi yawan ɓarnar. Mahara ɗaya ne, mako ɗaya ne.

Haka ta faru da kamfanin manyan kantuna na Target da ke Amurka a ƙarshen 2013, lokacin da aka sace bayanan katunan banki kusan miliyan 40. Na'urar tsaro ta FireEye da kamfanin ya saya ta yi gargaɗi, ma'aikatan da ke sa ido daga Indiya sun tura saƙo hedikwata, aka bar maganar ta kwanta. Daga baya aka yi ta ihu bayan hari.

Me ya kamata mutumin da gargaɗin ya isa gare shi ya yi? Hotuna sun yi ƙaranci a nan, domin aikin tunani ne, kuma mutum yana kallon allo ba abin sha'awa ba ne a bidiyo, don haka ku yi haƙuri da muryata. Da farko yana karanta rassan nan daga tushe, ya ga daga ina abin ya faro. Sannan ya tambayi mai kwamfutar, ko sashen kwamfuta, ko aikin nasu ne, kuma ya fi kyau ya tambaya ta waya, domin idan an riga an shiga akwatin imel ɗin mutum, mai kutsen ne zai amsa da cewa komai lafiya. Idan amsar ba ta gamsar ba, sai ya killace kwamfutar. Killacewa na nufin EDR ta yanke duk wata hulɗa tsakanin kwamfutar da sauran na'urori da intanet, ta bar hanya guda ɗaya tak zuwa cibiyar tsaro, ta yadda mai bincike zai ci gaba da leƙawa ciki daga nesa. Wannan ya fi zare wayar lantarki, domin kashe kwamfuta yana goge abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, kuma a can ne shaidar da ake nema take yawan zama.

Killace kwamfuta ɗaya ba ya kawo ƙarshen aikin. Idan an ga Mimikatz, dole a ɗauka cewa duk kalmar sirrin da aka taɓa shigarwa a wannan kwamfuta ta tafi, a canza su, musamman na masu babban iko. Sannan a ɗauki alamun da aka samu, kamar adireshin da aka yi magana da shi, a bincika bayanan sauran kwamfutoci duka, domin a nan ne tarin rubutun da EDR ke yi yake biyan kuɗinsa. Wanda ya goge fayil ɗaya ya rufe gargaɗin, ya sanar da mai kutsen ne kawai cewa an fara lura da shi.

Yanzu lissafi. Mako yana da awa 168, ma'aikaci kuma yana aikin kimanin awa 40, wato kujera ɗaya da ake son kada ta taɓa zama babu kowa tana buƙatar fiye da mutum huɗu, kafin a yi maganar hutu ko rashin lafiya. Masu kutse ma sun iya wannan lissafin. An kai wa kamfanin manhaja na Kaseya hari a ranar Juma'a 2 ga Yuli 2021, ana shirin shiga hutun ranar 'yancin Amurka, kuma a watan Agustan shekarar hukumomin tsaron Amurka na FBI da CISA suka fitar da gargaɗi a kan hare-haren ranakun hutu da ƙarshen mako. Ƙaramin kamfani mai ma'aikacin kwamfuta ɗaya ba zai iya cike wannan kujera ba, shi ya sa ake ɗaukar hayar kamfanonin sa ido na dare da rana, waɗanda ake kira MDR. A ra'ayina, sakin layi ɗaya ne ya fi muhimmanci a yarjejeniyar da za a sa wa hannu da su: shin an ba su izinin killace kwamfuta da kansu, ko kuwa imel kawai za su aiko? Imel ɗin da ya shigo ƙarfe biyun daren Asabar, aka karanta shi safiyar Litinin, tarihi ne ya zo ba da labari.

Na san abin da ke ran wasunku: shuɗin allon nan na faɗuwar Windows da aka gani a filayen jiragen sama, wanda manhajar EDR ce ta jawo shi. A ranar 19 ga Yuli 2024, wani sabuntawa mai lahani da CrowdStrike ya tura ya durƙusar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft. Ba hari ba ne, kuma ba toshewa ta kai-tsaye ce ta jawo shi ba. Manhajar tana zaune ne a can cikin zuciyar Windows domin ta ga komai, don haka da ta yi tuntuɓe sai kwamfutar ta faɗi tare da ita. Maganin wannan shi ne a riƙa karɓar sabuntawa rukuni-rukuni, ana farawa da kwamfutoci kaɗan. Mayar da manhajar yanayin sa ido ba zai hana irin wannan ba, illa dai ya ƙara wata matsalar.

Akwai hanya mai sauƙi ta sanin inda kamfaninku ya tsaya. Masu ƙera waɗannan manhajoji suna ba da umarnin gwaji marar lahani wanda ke kunna gargaɗi da gangan. A samu izinin shugaban sashe, a zaɓi kwamfuta ɗaya, a gudanar da gwajin da daddare a ƙarshen mako ba tare da an sanar da masu sa ido ba, sannan a rubuta lokacin da gargaɗin ya bayyana, lokacin da wayar wani ta yi ƙara, da lokacin da aka killace kwamfutar. Daga nan a buɗe saitin manhajar, a jera kwamfutoci bisa yanayin da suke kai, a ƙirga nawa ne har yanzu ke kan sa ido kawai, a kuma kwatanta adadin da ke allon da adadin kwamfutocin da sashen kuɗi ya ce kamfanin ya saya.