Darasin baibrafon: yadda ake kashe sauti

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Ku ɗan matso kusa, yau aikin na ƙafa ne da kunne.

Ga baibrafon ɗin nan a gabana. Ƙarafa 37 ne na alminiyam, daga F na ƙasa zuwa F na sama, kowanne da bututu a ƙarƙashinsa. A bakin kowane bututu akwai ɗan faifai da ƙaramin inji ke juyawa, shi ke sa muryar rawa. Sai feda a ƙasa: in ka taka ta ƙarafan su ci gaba da amo, in ka ɗaga ƙafa su yi shiru. Kamfanin Deagan na Shikago ne ya fito da wannan siffar mai feda a 1927, a 1930 kuma makaɗin Amurka Lionel Hampton ya buga shi a faifai tare da mai busa ƙaho Louis Armstrong, daga nan ya samu gindin zama a kiɗan jaz.

To ku saurara. Na taka feda, na bugi C, D, E, F a jere. Kun ji? Duk sun cakuɗe, kamar mutum huɗu suna magana a lokaci guda. Kusan kowane sabon ɗalibi haka yake yi, domin amon yana da daɗi, ƙafa ba ta son ɗagawa. Ƙarfen nan in ka buge shi ba ya shiru da kansa, sai ka sa shi.

Hanya mai sauƙi ita ce feda. Duk sanda za ku sauya rukunin sauti, ku ɗaga ƙafa kaɗan ku mayar. Diddige na ƙasa, yatsu ne ke aiki.

Amma wadda na fi so ku riƙe ita ce kashewa da sandar bugu, mai zare naɗe a kanta, hanyar da makaɗin baibrafon Gary Burton ya shahara da ita. Ku dubi hannuna da kyau. Feda na ƙasa. Na bugi C da hannun dama. Yanzu zan bugi D da hannun dama, a daidai wannan lokacin sandar hagu ta kwanta a kan C ta danne shi a hankali. Ba bugu ba ne, dannawa ce, kamar uwa ta ɗora tafin hannu a bayan jariri. In kun ji "ƙwas", kun yi gaggawa. Ku goga kan zaren sandar a jikin ƙarfen tukuna, sannan ku danna. Kun ji yadda C ya mutu, D ya ci gaba da rera shi kaɗai? Wallahi ranar da hannunku ya kama wannan, za ku ji ƙarfe yana waƙa kamar maƙogwaron mutum.

Af, kada na manta: ku riƙa bugun tsakiyar ƙarfe ko can bakinsa. Wurin da igiyar da ke riƙe ƙarfen ta ratsa ba shi da murya.

Yanzu sai ƙirƙirar kiɗa nan take. Ku kunna rakiyar buluz, wato kiɗan da aka ɗauka don ku buga a kansa, mai gaɓa 12 a kan F, ku ɗauki sauti uku kacal: F, A-filat, B-filat. Ku yi ɗan kira gajere, ku yi shiru gaɓa guda, sannan ku ba kanku amshi. Bari in gwada. Kira... shiru... amshi. Wannan shirun da sanda na yi shi, ƙafata ba ta motsa ba.

Ku nemi kiɗan Milt Jackson, gwanin baibrafon na jaz, ku saurara. Sanda biyu kawai yake riƙewa, ya rage gudun injin, sautinsa na lilo a hankali, ba ya hanzarin cike gurbi. Sannan ku ji Mulatu Astatke na Habasha, yadda yake gina kiɗa a kan sauti biyar na ƙasarsu.

Aikin wannan mako: injin a kashe, minti 15 kullum, ku hau daga C zuwa C ku sauko, feda a ƙasa, kowane sauti a kashe shi da sanda. Ku ɗauki kanku a waya ku saurara, ku ƙirga wuraren da sauti biyu suka haɗu. Mako mai zuwa za mu ɗauki sanda huɗu, in Allah ya kai mu.