Amsoshin Tambayoyinku: Ƙauyen Albinen da ake cewa yana biyan mutane su tare a cikinsa

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko ta yau daga wani matashi ce a Damagaram, yana cewa: "Na ga ana ta yaɗawa a Facebook wai akwai ƙauye a Suwizalan da ke ba mutum maƙudan kuɗi in ya yarda ya zauna can. Gaskiya ne? Ta ina ake nema?" Wata baiwar Allah daga Kumasi ita ma ta tambayi ƙauyen, sai dai ita so take ta ji yadda yake da yadda mutanensa ke rayuwa.

To Malam, ƙauyen yana nan, sunansa Albinen, kuma maganar kuɗin ba ƙarya ba ce. Amma ka saurara da kyau kafin wani ya raba ka da ɗan abin hannunka.

Bari mu fara da tambayar Hajiya. Albinen yana jihar Valais ne, a kudancin ƙasar, ɓangaren da ake jin Jamusanci. A jikin dutse yake maƙale, kimanin mita 1,300 sama da teku, yana kallon kwarin kogin Rhone. Mutanensa ba su kai 300 ba, wato wata unguwa guda a Damagaram ta ninka su sau da yawa. Tsofaffin gidajensa na katako ne da rana ta ƙona har suka yi baƙi, a cunkushe, ga lunguna matsattsu masu gangara. Da sanyi ƙanƙara ke rufe ko'ina. Da zafi ya shigo, sai a hau da shanu makiyaya ta can saman dutse, a yanki ciyawa a ƙasa a adana musu ta lokacin sanyi.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsohuwar hanyarsu ta zuwa Leukerbad, garin maƙwabta da ya yi suna da maɓuɓɓugan ruwan zafi. Tsani 8 ne na katako aka kafa a jikin miƙaƙƙen dutse, ɗaya bisa ɗaya, kuma da ta nan mutanen ƙauyen ke bi da kayan sayarwa a baya. Har yau tsanukan suna nan, masu yawon buɗe ido na hawa.

To me ya kawo batun kuɗi? Ƙauyen ne ya fara mutuwa a tsaye. Matasa sun gangara birane neman aiki, abin da mu ma muka sani a karkararmu, inda ɗan ci-rani kan tafi ya zarce. Yara suka yi ƙaranci har aka rufe makarantar garin, 'yan kaɗan da suka rage sai a kai su wani gari a mota. Gidaje da yawa kuma sun zama na 'yan hutu, a zo mako biyu a kulle a tafi. Gida a kulle ba ya sayen burodi a kanti, ba ya kai yaro makaranta.

A Suwizalan ƙananan hukumomi irin wannan sun haura 2,000, kuma kowace na da ikon karɓar haraji da tsara kasafinta. A ƙananan ƙauyuka mazauna ne da kansu ke taruwa su yanke shawara. Haka aka yi a Albinen a ƙarshen Nuwamban 2017: matasan garin suka kawo shawara, aka taru, masu rinjaye suka amince a ɗebi kuɗin garin a tallafa wa mai son kafa gida. Babba faran 25,000 na Suwizalan, yaro 10,000. Miji da mata da 'ya'ya biyu sun tashi da 70,000 ke nan.

Ga inda gizo ke saƙar, Malam. Dole shekarunka su gaza 45. Dole ka saya ko ka gina gida na aƙalla faran 200,000, ya zama nan ne mazauninka na dindindin. Dole ka yi shekara 10 a garin, in ka tashi kafin nan ka mayar da kuɗin. Sannan sai ɗan ƙasa, ko baƙon da ya riga ya samu takardar zama ta dindindin, wadda ake kira izinin C, kuma yawanci sai an shekara 5 zuwa 10 a ƙasar bisa doka kafin a same ta. Ƙauyen ba ya ba da biza, ba shi ma da hurumin hakan.

Lokacin da labarin ya bazu, wasiƙu sun yi ta kwarara ofishin garin daga ko'ina a duniya, har hukumar garin ta fito ta yi bayani cewa an zuzuta maganar. Don haka ina roƙonka, ɗan'uwa, duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ko na rajista zai kai ka Albinen, ɗan damfara ne, kada ka ba shi ko sisi. Ka kuma gaya wa abokanka da suka ga wannan saƙo.

Hajiya a Kumasi, da fatan kin gamsu. Bayan ɗan taƙaitaccen hutu za mu buɗe wasiƙa ta gaba.