Kindle ko tab, wanne ya kamata mai karatu ya saya?

(Laccar da aka gabatar a zaman wata-wata na ƙungiyarmu ta makaranta littattafai. Daga rikodin na kwafo, na cire gaishe-gaishen farko da wurin da janareto ya hana a ji magana.)

To jama'a assalamu alaikum. An ce in yi magana kan na'urar karatu da tab, wanne ya fi, kuma na san akwai waɗanda suka zo su ji na ambaci sunan guda ɗaya su tashi su tafi kasuwa. Ku ɗan yi haƙuri. Duk wanda ya tambaye ni wanne zai saya, ni ma tambayarsa nake yi, me kake karantawa? Ba wai fanni ba, a'a, buɗe wayarka ka nuna min fayil ɗin da kake karantawa, a nan amsar take. Mutane da yawa sun kashe kuɗi sun sayi abu mai kyau amma ya ƙi yi musu amfani don ba su yi wa kansu wannan tambayar ba.

Bari mu fara da na'urar karatun, don tab kowa ya san shi, waya ce babba kawai. Su Kindle da Kobo da PocketBook abin da ya raba su da waya shi ne sikirin ɗinsu. Ana ce masa E Ink, daga jami'ar MIT ta Amurka aka faro shi, kamfanin ya tsaya da ƙafarsa a 1997, Sony suka fara fitar da na'urar karatu da shi a Japan a 2004, sai Amazon ta kawo Kindle a watan Nuwamba 2007 a kan dala 399, kuma cikin 'yan awoyi na farkon suka ƙare. iPad sai 2010 ya fito, a lokacin mutane suka yi ta cewa shikenan Kindle ta mutu, ga ta nan har yau ana sayarwa.

Yadda yake aiki, a cikin sikirin ɗin akwai wasu ƙananan ƙwayoyi birjik da ido ba ya gani, kowace a cikinta akwai ɓurɓushi fari da baƙi, idan ka juya shafi sai wuta ta ja baƙin sama a inda harafi yake, ta bar farin a sauran wurin. Daga nan kuma wutar ta gama aikinta. Kamar dai allonmu na makarantar allo, ka rubuta da tawada, rubutun yana nan ba ya buƙatar komai har sai ka wanke ka sake wani. Shi ya sa za ka ga Kindle a kashe amma akwai hoto a fuskarta. Shi kuwa tab duk daƙiƙar da kake kallonsa fitila ce a kunne a bayan gilashi tana haskowa cikin idonka, tana kuma shan batir.

Daga nan abubuwa biyu suka fito da suka shafe mu sosai. Na farko caji. Apple da kansu awa 10 suke cewa iPad yana yi, tab ɗin Android mai araha da an yi shekara ana amfani da shi ma ba ya kaiwa haka. Kindle kuwa makonni ake lissafa mata. Amma fa ku lura, lissafin kamfani na wanda yake karatun rabin awa a rana ne kuma ya kashe wayales, ke Hajiya da kike kwana kina karanta littafi har asuba ba za ta yi miki wata guda ba (dariya), amma ko ke ɗin za ki yi kwanaki ba ki nemi soket ba. A unguwar da ake kwana uku ba a ga wutar NEPA ba, mutum yana kai waya shagon caji yana biya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu rana. Fita da tab tsakar gida da azahar, fuskarka kawai za ka gani a gilashin. Ita kuwa wannan ƙara fitowa rubutun yake yi a rana, kamar yadda na takarda yake yi. Da dare kuma tun daga Kindle Paperwhite ta 2012 sun sa 'yan fitilu a gefen sikirin suna haska shafin, ba idonka ba.

Maganar ido da barci kuwa kar mu zuzuta. Akwai binciken da aka yi a asibitin Brigham and Women's da ke Boston, ya fito ƙarshen 2014, mutum 12 aka sa suna karatu a iPad kafin barci, wasu dararen kuma a littafin takarda, aka ga daren iPad barci yana jinkirta zuwa da kamar minti 10, sinadarin melatonin mai kawo barci yana raguwa. Gaskiya ne, amma mutum 12 ne, kuma awa huɗu suke yi da haske a ƙure. Ni abin da na fi tsoro a tab ba hasken ba ne, WhatsApp ne. Ka buɗe littafi da niyya mai kyau, shafi biyu sai saƙo ya faɗo daga gurup ɗin 'yan ajinku, ka ce bari in leƙa, daga nan sai TikTok, kafin ka ankara an kira sallah. A Kindle ko ka so ka yi shiririta babu inda za ka je, burauzar da ke ciki ma don jinkirinta da kanka za ka haƙura ka koma littafi.

To in haka ne ai sai kowa ya sayi Kindle mu tashi ko? A nan ne nake so ku buɗe kunne, don wannan shi ne abin da masu bidiyon talla na Turai ba za su gaya muku ba, su ba irin littattafanmu suke karantawa ba.

Littafin na'ura iri biyu ne. Akwai wanda rubutu ne zalla, irin EPUB, wannan idan ka ƙara girman harafi layukan sai su sake jeruwa su cika sikirin daidai, ko ƙarami ne ko babba. Akwai kuma PDF, shi shafinsa a daskare yake, musamman wanda aka yi sikanin, wato hoton shafi aka ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Yanzu kowa ya duba wayarsa tsakaninsa da Allah. Handawut ɗin da lakcara ya tura, tambayoyin jarrabawar baya, littattafan fiƙihu da nahawu da tafsiri da ake rabawa a Telegram, tsofaffin littattafan Hausa da wani bawan Allah ya ɗauka da kyamarar waya har kana ganin ɗan yatsansa a gefe, duk PDF ne.

Na zauna da wani ɗalibin ilimi da ɗan'uwansa ya aiko masa da Kindle mai inci 6 daga waje, murna kamar me. Ya sa wani sharhi na fiƙihu bugun Misra irin na da, wanda matani yake a tsakiya, hashiya ta zagaye shi a gefe da ƙananan haruffa. Shafin ya fito gaba ɗaya amma ƙanana ƙwarai, wasali ma ba a gani. Ya sa yatsu biyu ya buɗa, sikirin ya yi baƙi ya yi fari, ya ɗan tsaya, sannan ya nuno rabin layi. Ya ja gefe don ya ga ƙarshen layin, ya sake yin wal, inuwar rubutun baya ma ba ta gama gogewa ba. Kafin ya haɗa layi uku na hashiya ya manta abin da matanin ya ce. Ya ɗago ya kalle ni ya ce, Malam ko dai ta lalace ne? Na ce lafiyarta ƙalau, ba don wannan aka yi ta ba. Wannan shafin a tab mai inci 10 cif yake zama, ka ja ka matso yadda kake so ba jira.

Sannan ga manhajoji. Mai amfani da Shamila, manhajar nan ta littattafan Larabci, ko manhajar Alƙur'ani mai karatun alaramma, ko ƙamus, ko ke mai bin littattafan marubutanmu a Wattpad da ArewaBooks da gurup-gurup na WhatsApp inda ake sakin shafi-shafi kullum, Kindle da Kobo ba a sa musu manhajar Android. Akwai na'urorin Boox, su sikirin ɗin E Ink ne amma Android ce a ciki, ana iya sa manhaja, akwai kuma manya irin Kindle Scribe mai inci 10.2 da ta fito a 2022 har da alƙalami. Suna da kyau wallahi, sai dai kuɗinsu ya isa ka sayi tab mai kyau har ka yi canji. Masu kala ma sun fito, Kobo da Amazon duk sun fitar a 2024, amma kalar a dushe take, ɗalibin likitanci mai kallon hoton jijiyoyi kar ya sa rai.

Saboda haka ni ra'ayina, kuma na san wasu ba za su ji daɗi ba, yawancin waɗanda ke zaune a ɗakin nan tab ne ya fi dacewa da su. Ɗalibin jami'a, ɗalibin ilimi, malamin makaranta, tab mai inci 10 ko sama. Amma da sharaɗi, ka sayi wanda ba a sa masa layi, in kuma yana da wurin layi ka bar shi fayau. Kar ka sa WhatsApp, kar ka sa Facebook, kar ka ba yara su sa gem. Ka yi daunlodin a waya ka tura. In ka kasa wannan to ka sayi babbar waya ce ta biyu, ba abin karatu ba.

Wanda kuma karatunsa dogon rubutu ne zalla, labari, tarihi, tarihin rayuwar mutane, yana samunsu a EPUB, yana so ya zauna awa biyu uku ba abin da ya katse shi, wannan ya sayi na'urar karatu ba zai yi nadama ba. Ba ta kai giram 200 ba ƙaramar, iPad kuwa kusan rabin kilo ne, wanda ya taɓa yin gyangyaɗi tab ya faɗo masa a hanci ya san bambancin (dariya). Littafin EPUB bai fi mega ɗaya zuwa biyu ba galibi, giga 16 zai ɗauki dubbai. Larabci ma Kindle tana karantawa tun 2018 in dai rubutu ne ba hoto ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, wani salon rubutun ba shi da su, sai ka ga harafin ya fito daban da 'yan uwansa ko ya zama ɗan akwati, in ka ga haka canza salon rubutun kawai.

Wani abu kuma game da Amazon. Littafin da ka saya a wurinsu a kulle yake da asusunka, izinin karantawa ka saya. A 2009 sun taɓa goge wasu littattafai daga na'urorin mutane saboda rigimar haƙƙin mallaka, suka mayar da kuɗi, aka yi ta surutu har shugaban kamfanin ya ba da haƙuri. Mu nan ma mun ga OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai ta Najeriya, ta rufe a 2023. Don haka duk littafin da yake naka halak malak ka ajiye kwafinsa a kwamfuta ko filashi. Akwai manhajar kwamfuta kyauta, Calibre, tana jera maka littattafai tana juya su daga wani tsari zuwa wani. Kuma don Allah littafin marubutanmu da suke sayarwa ɗari biyar ko dubu, a biya su, kar a ce don an sayi na'ura mai tsada sai a koma neman na bati.

(Tambaya daga wata malama: Malam idan na hannu za a saya fa, me za a duba?)

Yauwa Malama, kin kyauta da kika tuna min. In Kindle ce, ki shiga saitin ki tabbatar mai ita na farko ya cire asusunsa, ki haɗa ta da wayfay a gaban mai shagon ki ga ta karɓi naki, don wadda aka kai rahoton an sace Amazon tana toshe ta, ba za ta yi rajista ba. Ki buɗe farin shafi ki duba ko akwai layi ko wani ɓangare da ya daskare, don gilashin cikin siriri ne sosai, a jaka ma in an danne shi da littattafai yana fashewa ta ciki alhali waje lafiya lau. In ya fashe kuma, ki zagaya kasuwar waya ta Farm Centre ko Beirut a Kano, sikirin ɗin tab ɗin Samsung ko itel za ki samu a ranar, na Kindle kuwa da wuya, sau da yawa sai an yi oda, kuɗin ma ya kusa na wata ta hannun. Don haka ranar da kika saya ki haɗa da murfi mai tauri. In iPad ne, iCloud, iCloud, iCloud, wato asusun Apple na mai shi na farko, kar ki ba da ko sisi sai an goge shi a gabanki an kunna ya wuce ba tare da ya nemi asusun wani ba. Na Android ma haka da asusun Google. Sannan ki tambayi shekarar da aka yi shi, tsohon tab da ya daina karɓar sabuntawa wata rana manhajar da kika saye shi dominta za ta ƙi buɗewa.

(Wani ya ce: wanda ba shi da kuɗin ko ɗaya fa?)

Ya ci gaba da wayarsa mana. Ka sa manhajar karatu ta ReadEra ko Moon+ Reader, ka mayar da bangon shafin ruwan ƙasa-ƙasa, ka rage haske, ka kashe data in za ka fara. PDF kuma ka kwantar da wayar a kaikaice, layin zai fi fitowa. Akwai sauran tambaya? To Alhaji ga makirufo nan zuwa, a miƙa masa ta baya.

(Daga nan rikodin ɗin ya yanke.)