Agogon da Ke Kulle Kansa: Yadda Kenel Ke Rubuta Lokaci a Rajistar RTC

Ku dubi wannan ɗan allon lantarki da ke gabanmu. Ga ƙaramin batiri mai kama da kwabo, wanda ake kira CR2032, ga kuma ɗan ƙarfen kiristal da ke kaɗawa sau 32,768 a kowace daƙiƙa. Su biyun ne ke raya agogon na'ura, wato RTC, bayan an ɗauke wuta. Mun ba agogon nan umarnin saita lokaci, umarnin ya dawo ba tare da ƙorafi ba, amma da muka kashe allon muka sake kunnawa, sai ga tsohon kwanan wata yana nan daram. Babu abin da ya lalace. Rajistar agogon, wato ɗan wurin da yake ajiye lambobinsa, ita ce ke kulle, kuma yawancin irin waɗannan rajistoci ba sa sanar da kowa cewa sun yi watsi da rubutu.

Masu ƙera agogon da gangan suka sa wannan kulle. A daidai lokacin da wuta ke raguwa, ko lokacin da manhaja ta ruɗe tana rubutu inda ba a aike ta ba, agogon yana cikin haɗari fiye da sauran sassa, domin duk shirmen da ya shiga cikinsa batiri zai riƙe shi har bayan an sake kunnawa.

Kowane kamfani da irin makullinsa. A cikin agogon DS1302, wanda Dallas Semiconductor ta ƙera, bit na 7 na rajistar sarrafawa (bit ɗan gurbi ne mai ɗaukar sifili ko ɗaya) shi ne makullin, kuma sai an rubuta sifili a adireshin 0x8E (0x alama ce ta lambar da aka rubuta a ƙirgen sha shida) kafin sauran rajistoci su karɓi komai. Takardar bayaninsa ta ce ba a fayyace halin da wannan bit zai tashi da shi a kunnawar farko ba, saboda haka direba, wato manhajar da ke magana da agogon, idan ya ɗauka a buɗe yake, caca kawai yake yi. A yawancin dangin injinan sarrafawa na STM32 na STMicroelectronics ƙofa biyu ce: da farko a kunna bit ɗin DBP a rajistar sarrafa wuta, sannan a rubuta 0xCA, a bi shi da 0x53, a rajistar RTC_WPR. Duk wata lamba ta daban da ta shiga wannan rajista za ta mayar da kullen. Shi kuwa AM335x na Texas Instruments, wanda ke kan allon BeagleBone Black, yana da rajistoci biyu, KICK0 da KICK1, waɗanda ke jiran 0x83E70B13 da 0x95A4F1E0 a jere.

Sanin lambobin nan shi ne mafi sauƙin aikin. Wahalar tana cikin kenel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, domin a can ayyuka da yawa ke karɓa-karɓa a kan injin sarrafawa ɗaya. A ce aiki na farko ya buɗe kullen, ya rubuta daƙiƙa da minti, sai aka katse shi domin wani aikin da ke son saita ƙararrawa. Na biyun ya gama nasa, ya kulle kamar yadda ya kamata, aka dawo ga na farko yana rubuta awa da rana da shekara a rajistar da ta riga ta rufe. Abin da zai fito shi ne lokaci rabi sabo rabi tsoho, kuma irin wannan matsala takan yi makonni ba ta sake bayyana a teburin gwaji ba. Shi ya sa buɗewa da rubutawa da rufewa dole su tafi a dunƙule. A Linux, sashen agogo na kenel yana riƙe makullin ops_lock kafin ya kira aikin set_time na direba, direban rtc-omap kuma yana dakatar da katsewa, ya jira agogon ya sarara, sannan ya buɗe, ya rubuta, ya rufe.

A nan ne, a ganina, aka fi yin sakaci. A STM32, bayan an buɗe kullen sai an kunna bit ɗin INIT a jira INITF, alamar cewa agogon ya shirya, ta tashi kafin a taɓa lokaci. Idan kiristal ɗin bai tashi ba, jiran ba zai ƙare ba, don haka ake sa masa wa'adi. Mai rubuta direba da yawa kuwa yakan dawo da saƙon kuskure daga nan kai tsaye, ya manta ya bar ƙofa a buɗe. Kowace hanyar fita daga aikin, ta nasara ko ta gazawa, ya kamata ta bi ta layin da ke mayar da kullen.

Saura tabbatarwa. Tunda agogon ba ya ƙorafi, sai direba ya karanto abin da ya rubuta ya gwada, yana mai tuna cewa lambobin a tsarin BCD suke, wato ana ajiye kowane harafin lamba daban, inda 0x59 ke nufin 59, kuma daƙiƙa ɗaya tana iya wucewa tsakanin rubutu da karatu. Yanzu bari mu gyara direban allonmu, mu ba da umarnin hwclock --systohc, wanda ke kwafe lokacin na'ura zuwa RTC, mu zare wayar wuta, mu bar batirin kaɗai na minti biyar, sannan mu mayar mu duba kwanan watan da zai fito a allo.