Kujerar Ɗalibin Ƙarshen Mako a Kwamitin Sashe

Assalamu alaikum. Malamaina, shugabannin sassa, 'yan'uwa ɗalibai, ina yi muku barka da yamma.

Ku dubi waɗanda ke cika azuzuwan digiri na biyu da babbar difloma daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi a garin nan. Akwai ma'aikacin Sakatariyar Audu Baƙo, akwai ma'aikaciyar jinya da ta sauko daga aikin dare, akwai ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya bar wa yaronsa shago. Magidanta ne da iyaye mata, yawancinsu da guminsu suke biyan kuɗin rajista. Wasunsu a wurin aikinsu su ke jagorantar taro. Amma da zarar sun shigo sashe, sai dai su ji an ce an yanke.

Za a ce mini ai akwai wakilin aji. Akwai shi, amma ɗan aike ne. Kodineta ya ba shi sanarwa, ya tura a zauren WhatsApp, shi ke nan. Ba a tambayarsa kafin a tsara jadawali, ko a sa ranar jarrabawa, ko a raba ɗalibai ga masu duba bincike. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗalibin da babinsa na biyu ya yi wata da watanni a teburin malami, shi ya san inda tsarin ya cije.

Ku tuna yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas cur. Da aka dawo, dole aka matse zangon karatu. Wanda karatu kaɗai ya sa a gaba zai iya jurewa. Wanda sai ya nemi izinin ofis kafin ya zauna jarrabawa ranar Talata fa? Shi ya fi cancanta a ji ta bakinsa.

Kada a fahimce ni baibai. Ban ce ɗalibi ya zauna inda ake tantance maki ba. Wannan hurumin malamai ne da majalisar jami'a, kuma manhaja tana da ƙa'idojin NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa. In an zo kan sakamako, wakili ya tashi ya ba da wuri.

Abin da nake roƙo shi ne kujera a kwamitin karatun gaba da digiri na kowane sashe, ɗalibai su zaɓi mai zama a kanta da kansu. Sannan, don Allah, a duba lokacin zama. In an sa taro ƙarfe 10 na safiyar Laraba, an ba shi kujerar da ba zai taɓa zama a kai ba, domin yana bakin aiki. A mayar da zama ɗaya a kowane zango ranar Asabar bayan la'asar, a aika masa da ajanda mako guda kafin nan don ya tuntuɓi 'yan ajinsa, a kuma rubuta abin da ya faɗa a cikin bayanan taro, yadda wanda zai gaje shi baɗi zai san inda aka kwana.