Makarantar Kiɗa Za Ta Iya Raba Yaro Da Bakin Titi?

Auwal: Jama'a barkanmu da sake haɗuwa daga nan Gombe. An ɗauke wuta tun safe, in kun ji ƙugin janareto ku yi haƙuri, na maƙwabta ne. Ina tare da Malam Buba, da Anti Rahila wadda ke koyar da mawaƙan coci a Billiri. Anti, ke kika zo da maganar nan. Wai makarantar kiɗa ce za ta gyara yaro?

Rahila: Cire wai ɗin nan, Auwal. A 1975, a ƙasar Benezuwela, wani masanin tattalin arziki kuma makaɗi, José Antonio Abreu, ya tara matasa 11 a wurin ajiye motoci a birnin Karakas ya fara koya musu. Shi ne abin da ake kira El Sistema. Yaro ya taso daga boko, a miƙa masa abin kiɗa kyauta, ya zauna cikin 'yan uwansa ana koyo har yamma. Wanda ya ɗan iya, shi zai koya wa na bayansa. A nan Gustavo Dudamel ya taso, wanda a 2009 ya zama jagoran babbar ƙungiyar makaɗa ta Los Angeles a Amurka.

Malam Buba: Wannan mutum ɗaya ke nan. Sauran fa?

Rahila: Ai don sauran aka yi abin, Malam. Yaron da ke da wurin zuwa ƙarfe huɗu na yamma, wanda in bai zo ba za a tambaya, ba ruwansa da majalisar banza. Ba na ce tsarin ba shi da aibi ba. Kuɗin gwamnati ne, na man fetur, kuma masu suka sun ce akwai tsanani da siyasa a ciki.

Malam Buba: To ni abin da ya sa nake murmushi, mun yi wannan tun kafin a haifi Auwal. Ina yaro a ƙauyenmu wajen Dukku, ranar gayya mai gangar noma ne ke fara isa gona. Zai jingine gangar a rana fatar ta ɗaure, yana ƙwanƙwasawa da yatsa yana kasa kunne. Da samari sun jeru da fartanya, sai ya bi bayansu yana kiran kowa da sunan kakansa. Wallahi na ga an gama gonar wata tsohuwa da ba ta da kowa kafin azahar, ladan makaɗi ƙwaryar kunu. Yaron da ke ɗaukar masa ganga kuwa, shekara da shekaru yana amshi kafin a bar shi ya taɓa ta.

Auwal: Amma Malam, gado ne fa. Ɗan makaɗi ne ke koyo. Ni da na ce ina son kalangu, Baba kallo ɗaya ya yi min ya ce a gidan nan ba a roƙo. Ban sake tayar da maganar ba.

Malam Buba: Nan gizo ke saƙar. Muna son kiɗa ranar suna, ba ma son makaɗi ranar neman aure.

Rahila: Shi ya sa nake son makaranta mai takarda. A Legas akwai MUSON, ƙungiyar raya kiɗa da aka kafa a 1983, suna da makaranta a Onikan har difloma suke bayarwa. Uba in ya ga takardar shaida, bakinsa na yin sanyi. Ni dai da za a yi tamu, sharaɗi zan saka: ba ka kammalawa sai ka yi zango guda kana koyarwa a gidan marayu ko gidan gyaran hali. 'Yan daban nan na Gombe da ake kira 'yan Kalare, an taɓa ba su wani abu su riƙe ban da gora?

Auwal: Kayan fa? Gogen Turawa ɗaya ya kai kuɗin babur.

Rahila: A Kateura ta ƙasar Faraguwai, unguwar da ke gefen juji, da gwangwani da tsohon duro aka ƙera wa yara nasu. Mu da muke da ƙwarya da fatar akuya da gashin wutsiyar doki? Kukuma nawa take?

Auwal: To Malam, gaskiya tsakani da Allah. A ce gobe an buɗe a Jekadafari, za ka kai jikanka?

Malam Buba: Uhm. Wanne daga ciki?

Auwal: Sadiƙu, mai buga maka bokiti da asuba.

Malam Buba: Shi kam ko don kunnena ya huta. Amma bari in fara jin ta bakin kakarsa tukuna.