Fodkas daga Jidda: Wa aka bai wa baki a shirin aljanu na Masar?

Hauwa: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Jidda. Yau ni da Malam Idris za mu tattauna a kan shirin nan na Masar, Ma Wara'a al-Tabi'a, wanda Netflix ta fitar a watan Nuwamban 2020 cikin kashi shida, aka kuma gina shi a kan littattafan marigayi Ahmad Khalid Taufik. Malam, su wa ka gani a cikinsa?

Idris: Malama, a ido dai an tara mutane iri-iri. Akwai likitan jini Rif'at Isma'il da ke Alƙahira, akwai Baturiyar Sukotlan, akwai danginsa na ƙauye, sannan a wani kashi an shiga hamadar Libiya. To amma ni ba ƙidayar fuskoki nake yi ba. Abin da nake dubawa shi ne wanda aka bai wa bakin yin bayani, kuma kusan kullum likitan birni ne yake fassara abin da ya faru, alhali mutanen ƙauye da na hamada su ne ake fito da abin tsoro daga wajensu.

Hauwa: Wannan ya taɓa ni ƙwarai, domin tare da kakata muka kalli kashin hamadar a gidanmu na Makka, ita da ta taso tana jin labarin iyayenta da suka keta Sudan a ƙafa don zuwa aikin hajji. Da ta ga masu rawani, sai ta ajiye kofin shayinta ta matso kusa da talabijin, tana jira su yi dogon zance. Ba ta samu yadda take so ba.

Idris: Allah ya ƙara mata lafiya. Abin ya daɗe, ai mun san yadda tsofaffin finafinan Masar suka saba mayar da Banube, wato baƙar fatan kudancin Masar, mai gadin ƙofa ko ɗan aiken gida.

Hauwa: Sai dai, Malam, a nan zan ɗan saɓa maka, domin shirin bai bar likitan ya ci nasara ba. Yana ta nanata wa kansa cewa babu komai sai abin da kimiyya ta tabbatar, amma abin da idonsa ke gani yana ƙaryata shi, har ya zamana maganar mutanen ƙauyen ce take tabbata.

Idris: Na yarda, kuma a nan siyasarsa take. An sa labarin a 1969, zamanin shugaban Masar Jamal Abdul Nasir, shekara biyu bayan kashin da Masar ta sha a yaƙin 1967, lokacin da ake ta musayar wuta da Isra'ila a mashigin Suwes. Likitan da yaƙininsa ke rushewa, a ganina, hoton ƙasar ce da ta amince da kanta har ta sha mamaki. Shirin bai yabi gwamnatin ba, bai kuma zage ta ba.

Hauwa: To, bayan mun dawo daga sallar Magariba za mu ɗauko batun matan shirin, musamman Huwaida, budurwar da likitan zai aura, wadda nake ganin an rage mata magana fiye da kowa.